In Ka Ga Ƙi Gudu, Sa Gudu Ne Bai Zo Ba

 Yau ban zo muku da zancen tsadar hatsi ba, balle na albashi. Labarin kaina zan ba ku, yadda aka yi ni da furfurata da tumbina na shiga sahun masu gudun asuba a bakin gudron a nan Maraɗi, da abin da na gamu da shi a ciki, na wuya da na daɗi. Na daɗe ina jinkirin rubuta shi saboda kunya, don a ƙasarmu babba ba ya gudu sai da dalili mai ƙarfi. Amma na lura abin da ya same ni yana samun da yawa daga cikinmu, masu zaman buro da masu zaman kanti, shi ya sa na ce bari in faɗa, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Ni ɗan ƙauye ne. Ina yaro kullum sai na taka kilomita shida zuwa lakkwal, in tako shida in komo gida, ranar hutu kuma ina gona ko ina bayan awaki. A kwaleji ba a cika wuce ni a tseren ƴan makaranta ba. Da na kama aikin gwamnati a 1991 ma ƙafa ce motata, don waɗanda suka yi aiki a waɗannan shekaru sun san yadda albashi yake yin watanni bai fito ba, ga shi a watan Janairu na 1994 darajar kuɗin sefa ta karye da rabi. Wahala ce, amma jikina bai san ciwo ba. Sai da hali ya gyaru na sayi moto, daga baya na sayi ƴar mota, daga nan ƙafata ta yi sallama da ƙasa. Masallacin da ke bayan gidana kaɗai nake zuwa a ƙasa. Da safe buro, da rana tuwo da miya mai mai, da marece tsire, da dare shayi zagaye uku cike da sukari a fada. Tumbi ya fito, wuya ya cika, ƴan'uwa na ƙauye in sun gan ni sai su ce: "Madalla, Malam ya samu lafiya." Ni ma haka na ɗauka.

Ina da amini wanda muka shiga lakkwal rana ɗaya. Shi bai yi nisa ba ya koma kasuwa, Allah kuma ya buɗa masa, ya zama Alhaji mai kantin atamfa da shadda a babbar kasuwa. A watan Oktoba na 2021, wata ranar Talata, ya miƙe zai yi alwalar la'asar sai ya faɗi a ƙofar kanti. Da na isa asibiti na tarar ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da yake cinikin miliyoyi da baki, ya kasa kiran sunana. Ƴaƴansa bakwai, babban bai gama lise ba. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, yawancin bashin da yake bin mutane a kansa yake, babu takarda, ga shi bakin ya ƙi buɗewa. Masu amana sun kawo nasu, wasu kuwa har yau shiru.

Likitan da ke duba shi, wani matashi mai natsuwa, ya ga yadda nake haki bayan na hau ƴan matakalu kaɗan, sai ya ce: "Baba, zo in auna ka kai ma." Ya auna, ya bar ni na huta, ya sake aunawa, ya ce in komo bayan kwana uku. Duk awon bai sauka daga 17 bisa 10 ba. Ya bayyana mini cewa in awo ya tsaya a 14 bisa 9 ko ya zarce, an shiga hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo, kuma mugun halinsa shi ne yakan yi shekaru yana ɓata jijiyoyin jini da zuciya da ƙoda mutum bai ji komi ba, sai ranar da ya kayar da shi. Ya rubuta mini magani, ya ce in rage gishiri da dunƙulen miya, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Ya ƙara da cewa hukumar ta shawarci kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 na mai ƙarfi, kamar gudu. Amma ya gargaɗe ni kada in fara da gudu sai awon ya sauka, in fara da tafiya.

A daren nan ban yi barci ba. Shekaruna 53, autata tana aji uku na firamare. Na yi ta lissafin shekarun da suka rage mini kafin ritaya, da waɗanda suka rage mata kafin ta tsaya da ƙafarta, na ga lissafin bai haɗu ba sai in ina raye kuma ina tsaye. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. To ni nawa ya zo.

Washegari na shiga wajen ƴan bosho na sayi takalman roba masu laushin ƙasa jika huɗu, da wandon wasanni dogo, don ban iya fita da gajere ba. Wata biyu cur ina tafiya bayan sallar asuba, rabin awa, kwana biyar a mako. Da likita ya ga awon ya fara sauka ya ba ni izini, sai na gwada gudu. Ban manta wannan safiya ba. Turakun lantarki na bakin hanya su na mayar ma'auni. Na tashi daga na farko da nufin in kai na goma, kafin na uku ƙirjina ya ɗauki wuta, ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura mini turmi. Na dafa turken ina maida numfashi, ina tambayar kaina ina yaron nan da ba a wuce shi a kwaleji. Ashe shekara talatin ta zama ta cinye shi ban sani ba.

Wuyar jiki ba ta kai wuyar bakin mutane ba. Mai shayin kan kwana da ya hango ni ya aje ludayi ya ce: "Subhanallahi, Malam, lafiya? Wa ya koro ka?" Ƴan makarantar allo suka bi ni a baya suna kwaikwayon yadda tumbina yake rawa. Uwargida ta ce: "Malam, don Allah ka dubi girmanka. In surukanka suka gan ka fa?" A buro wani abokin aiki ya riƙa kirana zakaran tsere a gaban ƙananan ma'aikata. A al'adarmu tafiyar ƙasaita ita ce ta manya, babbar riga da taku ɗaiɗai, gudu kuwa na yara ne da ɓarayi da wanda kare ya biyo. Sau biyu ina sa takalmi in kai zaure in komo. Limamin unguwarmu ne ya sanyaya mini rai. Ya ce ya zo a hadisi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma duk alhajin da ya je Makka ya yi sassarfa tsakanin Safa da Marwa girmansa bai zube ba. Ya ce jiki amana ne. Tun daga ranar, in an tambaye ni wa ya koro ni, sai in ce tansiyo, in wuce.

Kuskurena na farko gaggawa ce. A kan hanyar akwai samari masu shirin shiga soja da jandarma, suna gudu rukuni rukuni. Da na ga na fara kai turke ashirin ba tsayawa, sai zuciya ta ruɗe ni na ce bari in bi su. Kwana huɗu na yi ina binsu, a na biyar ƙwaurina da gwiwata ta hagu suka ƙi taka ƙasa. Sati uku ina ɗingishi, sallah ma a zaune. Masu dariya suka samu abin faɗi.

A cikin wannan jinya Allah ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon mushen wasanni da ya yi ritaya, wanda nakan gani yana ƴar sassarfarsa shi kaɗai. Ya zo har gida ya duba ni, ya ce: "Ƙanena, zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin ƴan makonni za ka ji numfashi ya buɗe. Amma jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashi sai sun yi watanni. Wanda ya bi numfashinsa ya manta gwiwarsa, gwiwa za ta tuna masa." Ya ba ni ƙa'idoji huɗu waɗanda har yau a kansu nake. Na ɗaya, in yi gudun da zan iya magana a cikinsa, in magana ta gagara to na yi sauri. Na biyu, in gauraya gudu da tafiya, minti ɗaya gudu minti biyu tafiya, in riƙa ƙara na gudun sannu sannu. Na uku, in bar kwana guda na hutu tsakanin gudu da gudu, don a cikin hutun ne jiki yake gina abin da gudu ya nema. Na huɗu, in na ji ciwon ƙirji ko jiri in tsaya nan take in nemi likita. Sannu ba ta hana zuwa, in ji shi, sai dai a daɗe ba a je ba.

Na bi maganarsa, abu ya fara kyau. Sai azumin 2022 ya kama a watan Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana a nan yake wuce digiri 40. Gudu da ƙishirwa a irin wannan zafi kasada ce, don haka na koma tafiya bayan sallar asham. Bayan sallah na ɗora daga inda na tsaya, har na kai ina gudun minti ashirin ba tsayawa. Ina cikin murna damina ta sauka da sauronta. A ƙarshen watan Agusta zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, har sai da aka yi mini ƙarin ruwa. Da na warke na fita, turke biyar ya gagare ni. Aikin wata tara ya koma kamar ban taɓa yi ba. Wannan rana ta fi ranar farko ciwo, don ranar farko ban san abin da na rasa ba. Na dawo gida na jefa takalman ƙarƙashin gado, na ce wa uwargida ta yi gaskiya, abin ba na tsofaffi ba ne.

Ranar Juma'ar wannan mako na je gaida aminina. Na tarar da shi a tsakar gida, sanda a hannun hagu, babban ɗansa yana riƙe da shi, yana koyon tafiya daga bakin ɗaki zuwa gindin dalbejiya. Taku goma sha biyu ne. Yana jan ƙafar dama, zufa tana zuba, yaron yana ƙidaya masa. Ɗan ya ce mini kullum safe da marece sai ya yi, kuma watan jiya taku bakwai yake iyawa. Da ya zauna ya huta, na ba shi labarin na bar gudu. Ya dube ni ya daɗe, sa'an nan da harshensa mai nauyi ya ce: "Ba ni ƙafafun, in ba ka so." Ban samu abin ce masa ba. Da asuba na durƙusa na jawo takalman daga ƙarƙashin gado.

Abin mamaki, komowar ba ta ɗauki lokacin da farawar ta ɗauka ba. Cikin sati shida na kai inda nake kafin zazzaɓi. Mushe ya ce haka abin yake, jikin da ya taɓa sabawa ba ya mantawa duka. A kan hanya yakan ba ni labarin manyan masu gudun dogon zango na Afirka. Ya ba ni na Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci tseren kilomita 42 da mita 195 a wasannin Olimpik na birnin Rum a 1960, ƙafarsa babu takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya kuma sake ci a Tokiyo a 1964, ƴan makonni bayan an yi masa aiki a ciki. Amma wanda ya fi zama mini a rai shi ne John Stephen Akhwari na Tanzaniya. A wasannin Meziko na 1968 ya faɗi a tsakiyar tsere ya ji mummunan rauni a gwiwa, aka ɗaure masa, ya ci gaba yana ɗingishi, ya shigo fili shi ne na ƙarshe, fiye da awa guda bayan Mamo Wolde na Habasha ya ci. Da aka tambaye shi abin da ya hana shi bari, ya nuna cewa ƙasarsa ta aiko shi ne ya ƙare tseren, farawa kaɗai ba ta isa ba. Mu ma a nan muna da namu, Hamadu Jibo Isaka, wanda ya wakilci Nijar a tseren kwale-kwale a London a 2012 bayan horon ƴan watanni kawai. A baya can ya zo, amma bai aje filafilinsa ba sai da ya kai, ƴan kallo suna yi masa tafi. Irinmu masu gudun neman lafiya, a layin waɗannan biyu muke.

Na sa wa kaina buri, kilomita goma ba tsayawa. Wata Lahadi a watan Janairu na 2023, cikin sanyin hunturu, muka kama hanyar Ɗan Isa wadda ta nufi iyakar Najeriya, ni da Mushe, biyar zuwa biyar dawowa. Gari bai gama wayewa ba. Muna ta gamuwa da amalanken shanu ɗauke da itace da kara, da mata masu tallan nono da zogale sun nufo birni da kaya a ka. Na dube su na ji kunyar alfaharina, don abin da nake shirin yin bugun gaba da shi, su kullum suna taka irinsa da kaya, ba wanda ya yi musu tafi. Manomi da makiyayi da mai ɗaukar ruwa ba su buƙatar wannan rubutu nawa. Mu ne masu buƙata, mu da muke hawa kabu-kabu don zuwa bakin titi.

A kilomita na takwas ƙafafuna suka fara roƙona in tsaya. Na koma dabarar farko, na daina tunanin abin da ya rage, na riƙa cewa bari dai in kai wancan turke, in na kai in ce saura wancan. Da haka muka shigo gari. Agogon Mushe ya nuna awa ɗaya da minti goma sha takwas. Samarin nan masu shirin soja za su yi shi cikin kusan rabin wannan lokaci, amma da suka gan ni suka tsaya suna cewa: "Sannu Baba! Baba ya yi goma!" Mai shayin da ya tambaye ni wa ya koro ni, shi ya zuba mini ruwan zafi ya ƙi karɓar kuɗi. Ban ko yi wanka ba na wuce gidan aminina na gaya masa. Ya yi dariya da rabin bakinsa, ya ɗaga yatsu ya nuna mini shi ma ya kai taku talatin. A daminar wannan shekara ciwon ya sake bugunsa, Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa haƙurin da ya yi ya zama kaffara.

Wanda ya ci zomo ya ci gudu. To wane zomo na ci? Awon jinina yanzu yana zama wajen 13 bisa 8. Ina jaddada cewa har yau ina shan maganina kullum, don gudu mataimakin magani ne, kuma likita kaɗai ke da ikon ragewa ko canzawa. Na san wani da ya fara motsa jiki ya ji daɗi ya watsar da magani da kansa, bai ji da daɗi ba. Na sauke kilo tara, tela ya rage mini wanduna. Ina barci kamar yaro, ina sujada in tashi ba tare da dafa bango ba. Akwai kuma ribar da ma'auni ba ya nunawa. Da can takarda in ta yi kwana biyu ba a sa mata hannu ba sai raina ya ɓaci, in huce a kan ƙananan ma'aikata da iyali. Yanzu na san babban aiki turke turke ake yinsa, kuma na san komawa baya ba ƙarshen tafiya ba ne, tun da na koma baya sau uku na dawo. Ɗan kasuwar da ya taɓa karyewa ya tashi, da ma'aikacin da ya ga shekarun da albashi ba ya zuwa, sun riga sun san wannan karatu. Ni dai a ƙafa na sake koyonsa.

Ga wanda yake da niyya, shawarata kaɗan ce. Ya fara zuwa a auna jininsa da sukarinsa, ko da yana jin garau. Ya fara da tafiya. Ya fita da sanyin safiya, ya sha ruwa isasshe, ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa ya haƙura. A bakin gudron ya riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, ya sa tufa mai haske, don na sha tsallake rijiya da baya da manyan motoci. Kada kuma a bar iyali a baya. Uwargidan da ta ce in dubi girmana, yanzu ita da maƙwabtanta biyu suna zagaya filin lakkwal ɗin unguwa da tafiya bayan asuba. Ina kuma roƙon magabatan gari su dube mu, a gyara gefen hanyoyi, a sa fitilu, a buɗe filayen wasa da sassafe ga kowa. Mu mutane ne masu son kokowa, tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975 ba mu fasa cika fili ba. Amma ɗan kokowa yana shan watanni yana horon da ba mai gani, mu kuwa ƴan kallo muna zaune muna cin gyaɗa muna ba shi shawara.

Yanzu mu shida ne muke haɗuwa a kan kwanar mai shayi, Talata da Alhamis da Lahadi: ma'aikata uku, ƴan kasuwa biyu, da Mushe. Cikinmu har da abokin aikin nan da yake kirana zakaran tsere. Bara aka gaya masa sukarinsa ya hau, ya zo ya same ni a buro ya rufe ƙofa, ya tambaye ni a hankali inda ake sayar da irin takalmana. Ban tuna masa komi ba, na raka shi wajen ƴan bosho.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu ikon kula da amanar da ya ba mu tun ƙafafunmu suna ɗaukarmu. Wanda ya shirya, ya same mu Lahadi bayan sallar asuba. Ba mu da sauri, za mu jira shi.